Kuɗin tallafi a hannun ƴan sandan Amurka: ina suke tafiya?

 

Yau hirarmu za ta kai mu nesa, har ƙasar Amurka. Maganar kuɗi ce za mu yi. Kuɗin da babbar gomnati ke ba ƴan sandan garuruwa, don su tsare lafiyar mutane da dukiyarsu. Wa ke ba da su? Wa ke amsa? In sun shiga hannu, mi ake saye da su?

Da farko sai mun daidaita lissafi, kar mu ruɗe. In na ce dala cikin hirar ga, ba dalarmu ta tamma biyar nake nufi ba. Dalar Amurka nake nufi. A shekarun nan dalar Amurka guda ta kan kama daga sefa 550 zuwa 650. Mu ɗauka 600, don sauƙin lissafi. Miliyon kun san shi. Miliyar kuma miliyon dubu ke nan.

Nan ƙasarmu, ɗan sanda da jandarma na gomnati ne. Daga Yamai albashinsu ke fitowa, ko suna aiki Tawa, ko Damagaram. Can Amurka ba hakanan ba ne. Ƙasar tana da jaha 50. Galibin garuruwa da nasu ƴan sanda. Kusan kowace gunduma kuma da nata shugaban tsaro, wanda ake kira sharif, galibi mutane ke zaɓenshi da ƙuri'a. In an haɗa duka, hukumomin ƴan sanda sun kai wajen 18.000. Kusan rabin na garuruwa ba su da ma'aikaci goma cikakku. Akwai garin da ƴan sandanshi uku ne da mota guda.

Wa ke biyansu? Garin da kanshi, da lanhon da mutanen garin ke biya bisa gidaje da saye da sayarwa. A shekara ta 2021, jahohi da garuruwa sun kashe wajen dala miliyar 135 bisa ƴan sanda. Mafi yawan kuɗin ga albashi ne. Abin da babbar gomnati ta Washinton ke ƙarawa kaɗan ne in an gwama da wannan. Amma ku lura da kyau. Kuɗin gari sun riga sun ƙare ga albashi tun shekara ba ta kama ba. Kuɗin tallafi su ne rarar da ke shigowa daga waje. Da su ake sayen sabon abu, da su ake soma sabon aiki. Don haka ƙarfinsu ya fi yawansu.

Abin ya soma da gaske a 1968, zamanin shugaba Lyndon Johnson. Lokacin an yi tarzoma cikin manyan birane. Majalisa ta yi doka, anka buɗe wata ma'aikata mai raba ma jahohi kuɗin yaƙi da laifi. An sayi motoci, da rediyoyi, da makamai masu yawa. Laifi bai ragu ba. A 1982 anka rufe ma'aikatar.

To, tallafin da ya fi shahara yau shina ɗauke da sunan wani yaro, Edward Byrne. Ɗan sanda ne na birnin Niyok, shekarunshi 22. Ran 26 ga watan Fabrairu 1988, da dare, shina zaune cikin motar aiki shina gadin gidan wani baƙo wanda ya kai ƙarar masu saida miyagun ƙwayoyi. Sai anka zo anka harbe shi. Wani babban dillali da ke kaso ne ya ba da umurnin. Cikin wannan shekarar majalisa ta sa sunanshi bisa tallafin. A 2005 anka haɗe shi da wani tallafi, ya zama yadda yake yanzu.

Ga yadda ake rabon. Ana duba abu biyu: yawan mutanen jaha, da yawan manyan laifuffukan da anka rubuta cikinta, kamar kisa da fashi. Kason da jaha ta samu, ana raba shi biyu. Kashi 60 bisa 100 na gomnatin jaha, ita ma dole ta miƙa wani abu ga garuruwa. Kashi 40 na tafiya kai tsaye ga garuruwa da gundumomi. Garin da rabonshi bai kai dala 10.000 ba, ba a ba shi a hannu, sai ta wajen jaha. A shekara, kuɗin duka ba su wuce ɗaruruwan miliyoyi. Sai 2009, da tattalin arziki ya karye, anka zuba dala miliyar 2 gaba ɗaya.

Doka ta buɗe ƙofofi da yawa. Ana iya kashe kuɗin Byrne ga ƴan sanda. Ana iya kashe su ga kotuna, ga gidajen kaso, ga maganin waɗanda ƙwaya ta kama, ga taimakon waɗanda anka zalunta, ga horon yara don kar su faɗa ɓata. Amma kaso mafi girma ga ƴan sanda yake tafiya. Su kuwa mi suke saye? Motocin sintiri, da rediyon hannu, da kwamfutar da ake sawa cikin mota, da bindigar lantarki mai sumar da mutum ba ta kashe shi ba. Da kuma kuɗin ƙarin lokacin aiki, wanda za mu komo kanshi.

Akwai ƙa'ida guda da nake so ku riƙe. An hana gari ya janye nashi kuɗi ya sa na tallafi a madadinsu. Misali, gari ya saba sayen mota biyu kowace shekara. Tallafi ya zo. Bai halatta magajin gari ya ce to bana da kuɗin Washinton za mu sayi motocin, namu kuwa mu kai su wani wuri. Tallafi ƙari ne bisa abin da ke akwai. A takarda maganar a fili take. Amma kama mai yin haka da wuya, don kuɗi ba su da zane a fuska. In sun shiga asusu guda, wa ke iya cewa wagga dala daga ina ta fito?

Yanzu ga labarin da nake so mu daɗe kanshi.

Cikin jahar Tekzas akwai wani ƙaramin gari, Tulia. Mutanenshi wajen 5.000, manoma da makiyaya. A waɗancan shekarun, kuɗin Byrne da yawa suna tafiya ga rundunonin haɗin gwiwa na yaƙi da ƙwaya. Gundumomi da yawa su haɗu, su kafa runduna guda, tallafi ya biya. Rundunar yankin ta ɗauki wani mutum, Tom Coleman, ta aike shi Tulia a ɓoye, ya riƙa yin kamar mai sayen hodar iblis. Ya yi wajen shekara da rabi.

Ran 23 ga watan Yuli 1999, da asuba, anka soma kame. Mutum 46 anka tuhuma. Wajen 40 daga cikinsu baƙar fata ne, cikin garin da baƙaƙe ƴan tsiraru ne. An fito da mutane daga gidajensu, wasu ko tufafin kirki ba su sa ba, ƴan jarida na ɗaukar hoto. A wurin kamen ba a samu hodar ba, ba a samu tarin kuɗi ba, ba a samu makamai ba. Dillalan da ba su da ko ɗaya daga cikin ukun ga, wane irin dillalai ne?

Shaida guda ce: bakin Coleman. Bai ɗauki murya ba. Bai ɗauki hoto ba. Babu wani ɗan sanda na biyu da ya gani. Ya ce bisa ƙafarshi yake rubuta abin da ya faru. Duk da haka kotu ta yarda. Wani dattijo mai kiwon aladu anka yanke mishi shekara 90. Da sauran sunka ga haka, tsoro ya kama su, da yawa sunka amsa laifi don a rage musu. Mutum 38 anka hukunta. Shi kuwa Coleman anka ba shi lambar yabo ta jaha.

Sannu sannu ƙarya ta soma yagewa. Wata mata ta nuna takardar banki, wadda ta tabbatar ranar da anka ce ta saida hoda a Tulia, tana can wani birni na jahar Oklahoma. Lauyoyi sunka tono tarihin Coleman, anka gano an taɓa tuhumarshi da sata a inda ya yi aiki da farko. A watan Agusta 2003, gwamnan Tekzas Rick Perry ya yi ma mutum 35 afuwa. An biya diyya wajen dala miliyon 6. Rundunar ta watse. A 2005 kotu ta kama Coleman da laifin rantsuwa bisa ƙarya. Amma wasu sun riga sun yi shekara huɗu cikin kaso, ƴaƴansu sun girma ba su nan.

Mi ya kawo wannan? Mutum guda maƙaryaci, gaskiya ne. Amma ni a ganina ba shi kaɗai ba. Lokacin da runduna za ta rubuta rahoto don a sake ba ta kuɗin baɗi, abin da take nunawa shi ne: mun kama mutum kaza, mun ƙwace ƙwaya kaza. Ba a tambayarta ko garin ya samu kwanciyar hankali. In da yawan kame ake auna aikinka, kame za ka nema. Kuma kama talaka arba'in ya fi sauƙi bisa kama babban dillali guda. Babu wanda ya matsa ma Coleman da tambaya, don lissafinshi na yi ma kowa daɗi.

Mu koma ga wani tallafin. A 1994, shugaba Bill Clinton ya sa hannu bisa babbar dokar yaƙi da laifi. Cikinta anka kafa ofishin da ake kira COPS. Manufar ita ce a ƙara ƴan sanda 100.000, masu yawo cikin unguwa, su san mutane, mutane su san su. An ware dala miliyar 8 da miliyon 800 na shekara shida.

Ga sharaɗin ɗaukar ma'aikaci da wannan kuɗi, yadda ya kasance a shekarun baya bayan nan. Washinton na biyan har kashi 75 bisa 100 na albashin sabon ɗan sanda, shekara uku. Amma ba ta wuce dala 125.000 ga mutum guda. In shekara ukun sun cika, dole gari ya riƙe shi aƙalla wata 12 da kuɗin kanshi.

Mu yi lissafi tare, masu alƙalami ku rubuta. Misali ne kawai. A ce ɗan sanda guda na cin ma gari dala 60.000 a shekara. Shekara uku, 180.000 ke nan. Kashi 75 na wannan, 135.000. Amma an ce ba a wuce 125.000. To gari zai cika 55.000. Shekara ta huɗu kuwa, 60.000 ɗin duka bisa wuyanshi. In mutum goma ya ɗauka, 600.000 ke jiranshi. Kun ga dalilin da ya sa wasu garuruwa matalauta ba su ko neman tallafin. Wasu ma an ba su, sunka ce a bar shi. Garin da ya fi bukata sau da yawa shi ne wanda ba ya iya cika nashi kaso, kuma ba shi da ma'aikacin da ya iya rubuta takardar neman tallafi. Babban birni kuwa na da ofishi guda na wannan aikin kaɗai.

Shin kuɗin sun yi amfani? A 2005 ofishin binciken kuɗi na majalisa ya auna. Daga 1993 zuwa 2000, laifi ya ragu da kashi 26 bisa 100 a Amurka. Rabon COPS cikin wannan raguwa, in ji su, kashi 1,3 ne. Ya taimaka, amma ba kamar yadda ƴan siyasa ke faɗi ba.

Akwai tallafin da ban ji mai kuka da shi ba. Tun 1998 gomnati ke biyan har rabin kuɗin riga mai tare harsashi. Rigar tana tsufa, wajen shekara biyar sai an canza ta. Abu ne ƙarami, an san kuɗinshi, an san amfaninshi.

Bayan harin 11 ga watan Satumba 2001, wata sabuwar ƙofa ta buɗe: kuɗin yaƙi da ta'addanci. Miliyoyi dubbai sunka kwarara. Kowane gari ya gane in shina son rabo, sai ya nuna ƴan ta'adda na iya kai mishi hari. Ga garin Keene, cikin jahar New Hampshire, mai mutum wajen 23.000, gari mai sanyin rai. A 2012 ya amshi dala 285.933 don sayen mota mai sulke, irin wadda harsashi ba ya hudawa. Da kuɗinmu, ya haura sefa miliyon 170. Cikin takardar neman, sun ambaci bikin kabewa da suke yi kowace shekara, inda dubban mutane ke taruwa, sunka ce ana iya kai mishi hari. Kuna dariya. Mutanen garin da yawa ba su yi dariya ba, sun fito sun ce ba su so. Majalisar gari ta amsa duk da haka. A ƙarshen shekarar, wani ɗan majalisar dattawa, Tom Coburn, ya sa labarin cikin rahotonshi na almubazzaranci. Masu goyon baya kuwa sunka ce motar na iya ceton rai ranar da wani mai bindiga ya rufe kanshi cikin gida, kuma garin bai biya ko dala ba. Amma man da take sha, da tayoyi, da gyara, waɗannan na gari ne. Wanda ya taɓa ganin injin ban ruwa na kyauta ya tsaya don rashin ƙarfe guda, ya san zancen.

Ban da kuɗi, rundunar soja na ba ƴan sanda tsoffin kayanta kyauta tun shekarun 1990, kayan da darajarsu ta haura dala miliyar 7. Wasu teburori ne da barguna, wasu bindigogi da motocin yaƙi. A watan Agusta 2014, a garin Ferguson na jahar Missouri, ɗan sanda ya harbe wani saurayi baƙar fata, Michael Brown. Mutane sunka fito zanga-zanga. Duniya duka ta ga ƴan sandan yankin bisa motoci masu sulke, sun auna bindigogi ga jama'a. A 2015 shugaba Obama ya hana ba da wasu kayan. A 2017 shugaba Trump ya ɗage hanin. A 2022 shugaba Biden ya maido da shi, a 2025 Trump ya sake sokewa.

Bayan Ferguson sai anka juya ga kamera, wadda ɗan sanda ke maƙalawa a ƙirji, tana ɗaukar duk abin da ya yi. A 2015 ma'aikatar shari'a ta raba sama da dala miliyon 23 ga hukumomi 73. Sayen kamerar ba shi ne wuyar ba. Ajiyar hotunan ita ce wuyar. Kowace rana ana tara awoyi, doka ta ce a adana su wata da watanni, a biya kamfanin da ke ajiya, a biya mai dubawa. Tallafi ya ƙare, biyan bai ƙare ba. Wasu ƙananan garuruwa sun kwashe kamerorin sun sa cikin akwati.

Na ce za mu komo ga ƙarin lokacin aiki. Hukumar kiyaye haɗarin hanya na ba da kuɗi don ƴan sanda su tsaya bisa titi bayan sun tashi aiki, su kama masu tuƙi cikin maye da waɗanda ba su ɗaura bel ba. Aiki ne mai kyau. Amma mota in an saye ta, mai bincike na iya zuwa ya ɗora hannu bisanta. Awa huɗu ta daren jiya fa, ina zai gan ta? Sai a takarda. A jahar Massachusetts an gano ƴan sandan jaha da dama na rubuta awoyin da ba su yi ba, har da takardun tara na ƙarya don rufe sawu. A 2018 anka rushe rundunarsu guda ɗungum, wasu sunka tafi kaso.

Tallafi kuma igiya ce a hannun mai ba da shi. A 2017 gomnatin Trump ta ce garin da bai taimaka wajen kama baƙi marasa takarda ba, ba shi samun kuɗin Byrne. Shikago da Filadelfiya sunka kai ƙara kotu, sunka yi nasara. A watan Afrilu 2025 kuma ma'aikatar shari'a ta soke ɗaruruwan tallafi da anka riga anka ba da, da yawansu na ƙungiyoyin da ke shiga tsakanin samari don hana harbe-harbe. Aiki na tsakiya, kuɗi sunka yanke.

Wasu garuruwa sun gwada wata hanya. A watan Yuni 2020 birnin Denba ya soma aike ma'aikacin lafiya da masanin ciwon taɓin hankali, maimakon ɗan sanda, in an yi kira don mutumin da hankalinshi ya gushe ko wanda ba shi da wurin kwana. Cikin wata shida na farko sun amsa kira wajen 750. Ko mutum guda ba a kama ba. Kuɗin farko daga wani asusun birnin sunka fito, wanda mutane sunka yarda da ƙuri'a a ƙara musu lanho kaɗan dominshi. A 2021, da gomnati ta raba ma jahohi da garuruwa dala miliyar 350 don farfaɗowa daga annobar korona, wasu sun sa rabonsu ga irin wannan aiki. Wasu kuwa sun sayi motocin sintiri da na'urar jin ƙarar bindiga, ko sun ƙara ma ƴan sanda ladan aiki.

Wa ke yanke shawara tsakanin waɗannan? Galibi shugaban ƴan sanda ke rubuta abin da yake so, majalisar gari ta amince. Dokar Byrne ta ce a miƙa takardar neman ga majalisar gari kwana 30 kafin a aika ta, kuma a ba mutanen gari dama su karanta su faɗi ra'ayinsu. Takardar a buɗe take ga kowa. Sau da yawa ana liƙa sanarwa, ranar ta zo, kujerun jama'a babu kowa, a wuce maganar cikin minti biyu. A Keene mutane sun cika zauren, ko da yake ba su yi rinjaye ba.

Nan zan tsaya. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Masu lissafin ɗan sanda goma kuma, ku kawo in duba.